Awa Nawa Ne Daga Gidanmu Zuwa Makka?

 

Akwai wata magana da ta kama bakin mutanenmu na Kazaure da Roni da Gwiwa har Babura. Da zarar watan Zulƙida ya tsaya, an fara jigilar alhazai, sai ki ji ana cewa a gidan suna ko a bakin rijiya, "Ai yanzu Makka ta zo kusa, awa huɗu ce kacal." Maganar nan gaskiya ce, amma gaskiyar ba ta cika ba. Abin da aka bari a baya ya fi abin da aka faɗa yawa, kuma na ga inda rashin saninsa ya hana gida guda barci. Shi ya sa na ce a makon nan mu ajiye zancen girki da renon yara, mu ɗan yi lissafi. Kada wadda ta ji an ce lissafi ta ninke jaridar. Duk macen da ta iya raba kuɗin cefane ya kai ƙarshen wata ta fi ƙarfin wannan.

Ni dai malamar makaranta ce, ban daɗe ƙwarai da fitowa daga kwalejin horon malamai ta Gumel ba, kuma lissafi da labarin ƙasa nake koya wa 'yan mata. Makka kuwa ban je ba tukuna, Allah ya kira mu gaba ɗaya.

A makaranta muna da taswirar duniya irin mai kama da ƙwallo, wadda ake juyawa da hannu. In mun zo darasin nisa, nakan sa yarinya ta kawo zaren ɗinki, ta danne bakinsa guda a kan Kano, ɗaya bakin a kan Jidda, ta ja shi ya miƙe sosai. Wannan zare shi ne hanya mafi gajarta tsakanin garuruwan biyu, watau hanyar tsuntsu, wadda ba ruwanta da gada ko kwana ko shingen kan iyaka. In kin bi shi da ido za ki ga ya wuce ta wajen Nguru, ya gifta arewacin tafkin Chadi, ya ratsa ƙasar Chadi ɗungum, ya shiga Sudan, ya tsallake kogin Nilu, sa'an nan ya haye Bahar Maliya ya faɗa Jidda. In aka auna shi da ma'aunin da ke jikin taswirar, za a sami kilomita 3,400 da 'yan kai. Ga iyayenmu da suka saba da mil, mil 2,100 ke nan da ɗoriya, gama kowane mil 5 kilomita 8 ne.

Lamba irin wannan ba ta zama a kai sai an gwada ta da abin da aka sani. To, daga Kazaure zuwa Kano ta Dambatta wajen kilomita 80 ne. Ashe ke nan nisan Jidda kamar ki je Kano ki komo ne sau 21.

Wani abu kuma da ke ba 'yan ajina sha'awa, zaren nan ba gabas sak ya nufa ba, ya ɗan karkata arewa. Nakan tambaye su, ina kuka taɓa ganin irin wannan karkata? Sai su yi shiru, can wata ta ce, "Malama, masallaci!" Haka ne kuwa. Makka tana dab da Jidda, saboda haka zaren da ya nuna hanyar jirgi shi ne kusan alƙiblarmu. Duk wadda ta shimfiɗa darduma a ƙasar nan, inda jirgin alhazai ke nufa nan ta sa gaba.

Saura mu ga inda aka samo awa huɗun. Manyan jiragen da ke ɗaukar alhazai, in sun gama hawa sun daidaita a sama, wajen kilomita 10 ko 11 daga ƙasa, suna cin misalin kilomita 850 a awa guda. Ki raba 3,400 da 850, huɗu za ki samu cif. To, kin ji asalin maganar. Amma jirgi ba ya fara gudunsa tun daga bakin ƙofa. Sai ya yi ta rarrafe a ƙasa ya kai bakin hanyar tashi, ya jira a ba shi izini, ya hau sannu a hankali, in ya kusa kuma ya rage gudu ya sauko. Ba ya bin zarenmu daidai wa daida, domin sama ma tana da hanyoyinta da aka shata. Ga kuma iska, wata rana ta tura shi, wata rana ta tare shi. In an haɗa duka, awa 4 da rabi ne zuwa 5, in hanya a buɗe take. Wanda aka nufa da shi Madina kai tsaye, kamar yadda ake yi wa alhazanmu da yawa, nasa ya ɗan ɗara haka kaɗan.

Duk da haka abin na ban mamaki ne. Jirgin nan yana cin kilomita 14 a minti guda. Da zai bi ta kan hanyarmu, da ya gama da Kazaure zuwa Kano kafin minti 6. Ki ɗauka motar haya ta tashi daga tashar Kazaure daidai lokacin da jirgi ya tashi daga Kano. Kafin direba ya sauke ku cikin birni, bayan awa ɗaya da rabi, jirgin ya bar tafkin Chadi a baya tuni, yana tsakiyar wata ƙasa.

Kakanninmu ba haka suka san hanyar ba. A ce mai tafiya da ƙafa yana cin kilomita 25 kullum, ba hutu, ba ciwo, ba damina, kuma a ce ƙasa ta miƙe masa kamar zaren nan. Kwana 136 zai yi, watau wata huɗu da rabi. Amma wa ya taɓa samun haka? Hanyar da suka bi ta Barno ce, su shiga Fallomi, wadda ake kira Njamena yanzu, su wuce Abashe, su shiga Sudan ta Jinaina, sai Fashir, sai Ubayyid, sai Hartum, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda za su jira jirgin ruwa. Guzuri ba ya kai mutum ko rabin hanya. In ya ƙare sai a yada zango a yi noma, ko a yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira, a tara abin da za a ƙara gaba. Shi ya sa tafiyar kan ci shekara biyu, ko biyar, ko fiye. Waɗansu sun je sun komo da furfura. Waɗansu ko Makkar ba su gani ba, suka zauna a Sudan, jikokinsu suna can har yau suna jin Hausa. Akwai gari guda a bakin Shuɗin Nilu mai suna Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa tare da jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

In maza suna ba da wannan labari, ayari da jakuna da 'yan fashi suke ambata. Ni kuwa matan nake tunawa. Macen da ta bar garinsu da goyo, ta yaye shi a Chadi, ta haifi wani a Fashir, ta daka, ta ɗebo ruwa, ta yi tuwo a kowane zango. Ita tafiyar ba ta ɗauke mata aikin gida ba, gidan ne ta ɗora a kai ta tafi da shi. Waɗanda aka bari a gida kuma, in mutum ya yi sallama ya nufi gabas, akan yafi juna ne kamar ba za a sake gamuwa ba. Ba waya, wasiƙa sai in an dace da mai komowa.

Jirgin sama ya fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925. Jirage uku ne na sojan Ingila, sun taso daga Masar ran 27 ga Oktoba, suna tafe suna yada zango kamar fatake. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano, kuma garuruwan da jirgin ke sauka ya sha mai kusan su ne zangunan alhazan ƙafa. Daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1940, su Alhaji Mahmudu Ɗantata suka kafa kamfanin jigilar alhazai mai suna WAPA, wanda sunansa ya bi unguwar nan ta Fagge da ake canjin kuɗi. Da mota aka rage shekaru suka koma makonni, da jirgi kuma makonni suka koma awoyi.

Sai dai saurin nan ya zo da wata rikitarwa da mai tafiya da ƙafa bai santa ba, ita ce ta agogo. Ina roƙon 'yan makaranta su natsu a nan, domin ku za a miƙa wa takarda a ce ku karanta.

Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, daga yamma zuwa gabas, shi ya sa mutanen gabas suke riga mu ganin rana. Masana sun kasa kewayen duniya kashi 360, kowane kashi ana ce da shi digiri. In kin raba 360 da 24 za ki ga rana tana cin digiri 15 a kowace awa. Kano tana wajen digiri 8 da rabi, Jidda tana wajen 39. Tsakaninsu digiri 30 da 'yan kai, watau awa biyu. Saboda haka agogon Makka yana gaban namu da awa 2, rani da damina. In ƙarfe 12 na rana ne a Roni, ƙarfe 2 ne a Makka.

Ga inda ake tuntuɓe. Lokacin da akan rubuta a takardar jirgi, kowanne na garinsa ne. Na tashi agogon inda aka tashi ne, na sauka kuma agogon inda za a sauka. In an rubuta tashi daga Kano ƙarfe 12 na rana, sauka Jidda ƙarfe 6 da rabi na yamma, mai kallo zai ce awa 6 da rabi za a yi a sama. A'a, ki cire biyu, awa 4 da rabi ne. Ran komowa kuma abin ya juya. In an rubuta tashi daga Jidda ƙarfe 8 na safe, sauka Kano ƙarfe 10 da rabi, kada ki ce jirgin ya ƙara sauri don yana ɗokin gida. Ki ƙara biyu, awa 4 da rabin nan ce dai.

Wannan ba wasan ƙwaƙwalwa ba ne kurum. Dubi Hajiyar da ta tashi ƙarfe 12 ɗin nan. Agogon hannunta zai nuna 4 da rabi sa'ad da ta sauka, ta ce yanzu aka yi la'asar, alhali kuwa rana tana shirin faɗuwa a Jidda. Azahar da la'asar duk sun same ta a sama, magariba tana bakin ƙofa. Yadda za ta yi da sallolin nan, da kuma inda za ta yi niyyar harama in Makka aka nufa da ita kai tsaye, aikin malaman bita ne, ba nawa ba. Abin da nake cewa shi ne ta tambaya tun tana gida, kada kunya ta hana ta. Haka mai shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari. In likita ya ce kowace awa 8, awoyin za a ƙirga, ba fuskar agogo za a duba ba, kuma ya kamata a gaya wa likitan za a yi tafiya ya tsara mata yadda za ta sha. Maganin kuwa a jakar hannu yake zama, ba a cikin babbar jaka da za a jefa cikin cikin jirgi ba.

Yanzu bari in ba ku labarin goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Gwiwa. Allah ya kira ta a 2023, bayan ta shekara da shekaru tana kiwon tumaki tana tarawa. Da ta komo na zaunar da ita da takarda da fensir, na ce, "Goggo, ki faɗa mini tun daga fitarki ɗaki." Ta yi dariya ta ce, "Ke dai 'yar nan, kome sai kin rubuta."

Ran Litinin ta fito, ƙarfe 6 na safe. Babur ya kai ta Gwiwa, mota ta kai ta Kazaure, can ta tarar da sauran maniyyata, aka jira waɗanda ba su iso ba, aka ɗunguma. Ba su shiga sansanin alhazai ba sai la'asar. Suka kwana. Talata tun da hantsi ake kiran suna, ana duba fasfo da takardar allura, ana ba da kuɗin guzuri, ana auna kaya. Ban kawo wannan don in ga laifin kowa ba. Shigar da mutum 400 ko fiye cikin jirgi guda, yawancinsu ba su taɓa ganin cikinsa ba, ba aikin minti goma ba ne. Jirgi dai bai ɗaga ba sai ƙarfe 10 na daren Talata. Ku ƙirga: awa 40 ke nan da barinta gida, ba ta ko bar Nijeriya ba.

Shekarar nan kuwa ba kamar sauran ba ce. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Ku tuna zarenmu, ta tsakiyar Sudan ya bi. Tilas jiragen alhazai suka riƙa zagaye ta, tafiyar awa 4 da rabi ta koma ta awa 6 zuwa 7, har kamfanonin jirage suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera saboda man da za su ƙona. Dubi ikon Allah, ƙasar da kakanninmu suka ratsa da ƙafa, ita ce jikokinsu suka kasa ratsawa ta sama. Nasu Goggo ya yi awa 7. Ya sauka Madina ƙarfe 5 na asubahin Laraba agogonmu, 7 na safe agogon can. Kafin a duba takardunsu, a nemo jakunkuna, a shiga mota, a raba ɗakuna, rana ta take tsaka a Madina. Daga ƙofar ɗakinta zuwa ƙofar masaukinta awa 52 ke nan. A ciki 7 kaɗai ta yi a sama, sauran 45 a ƙasa ta yi su.

To, mu koma gida mu ga abin da ake ciki. Ɗanta da ya raka ta ya bugo waya ƙarfe 10 na dare ya ce jirgi ya tashi. Matan gida suka ƙirga awa huɗu da yatsu, suka ce ƙarfe 2 za ta sauka. Ba wadda ta runtsa. Ƙarfe 2 ya yi, shiru. Aka yi asuba, shiru. Aka buga lambarta, ba ta shiga. Hantsi ya yi, maƙwabta suka fara shigowa suna zama jugum jugum, kowa ta zo da irin labarin da ta taɓa ji. Kakarmu, mahaifiyar Goggo, ta ƙi karin kumallo. Ita ba ta manta da 22 ga Janairu 1973 ba, ranar da jirgin da ya ɗebo alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Tana amarya a lokacin, ta ga yadda aka yi zaman makoki a ƙasar nan. Wanda ya ga wannan, ba a ce masa ya cika tsoro.

Ina cikin aji aka bugo mini, muryar matar wana tana rawa. Na ce mata, "Yaya, ki sa ni a kunnen Kaka." Na bi mata lissafin a hankali kamar yadda na bi muku. Na ce zancen zagaye Sudan an faɗe shi a rediyo, saboda haka sai da asuba jirgin ya sauka, ba ƙarfe 2 ba. Na ce layin wayarta na nan gida ne, sai ta sami na can, ko ta ari wayar wani, ga caji, ga gajiya, ga ɗokin zuwa masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na ce kada su sa rai kafin la'asar. Kaka ta ce, "To, Allah ya sa haka ne, 'yar boko." Ba zan ce hankalinta ya kwanta sarai ba, amma an ce ta karɓi koko ta sha, maƙwabta kuma suka koma ɗakunansu. Ƙarfe 4 da 'yan mintoci sai ga wayar Goggo. Kukanta biyu ne, ƙafafunta sun kumbura don zama, kuma sanyin cikin jirgi ya kusa kashe ta.

Dare guda da yini guda gidan nan suka yi cikin zullumi, ba don wani abu ya faru ba, sai don an ba su lamba guda an hana su sauran.

Mu mutanen wannan kusurwa ta Jigawa muna da ƙarin dalilin kula da wannan. Tun da aka yanke jihar daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, Dutse ce babban birninmu, kuma tun da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse a 2014 alhazan jihar daga can suka fi tashi. Abin alfahari ne. Sai dai ku duba taswira, ƙasar Kazaure ta miƙe can arewa maso yamma, tsakanin Kano da Katsina. In ta Kano aka bi, Kazaure zuwa Dutse wajen kilomita 200 ne, awa 3 zuwa 4 a mota in an haɗa da cunkoson birni. Mutumin Roni ko Gwiwa sai ya ƙara nasa a kai, balle wanda ke ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Watau lokacin da Hajiya za ta ci kafin ta ga jirgin da idonta ya yi kusan daidai da wanda jirgin zai ci ya kai ta wata nahiya. A can ma haka ne. Jidda zuwa Makka bai fi nisan Kazaure da Kano da wani abin kirki ba, amma Madina zuwa Makka ya haura kilomita 400. Akwai jirgin ƙasa mai sauri da aka buɗe a 2018, sai dai yawancin alhazanmu a manyan motoci ake kai su, su yi awa 6 ko fiye. Wannan ma ya fi tafiyar saman tsawo.

Abin da na lura da shi, in ana shirya wa uwa ko suruka tafiya, hankalin kowa yana kan jirgi. Ana ta yi mata addu'ar jirgi, ana ba ta labarin yadda kunne ke toshewa. Jirgin kuwa shi ne wuri mafi sauƙi a tafiyar duka, tana zaune, ana kawo mata abinci har kujera. Wahalar tana ƙasa. A ganina shirin kwana biyu ya kamata a yi mata, ba na awa huɗu ba. A sa mata abin taɓawa da ba ya lalacewa, kamar dambun nama da ƙuli-ƙuli da dabino, don zaman sansani. A sa mayafi mai kauri da safa. A gaya mata ta sha ruwan da za a ba ta cikin jirgi. Tsofaffinmu da yawa sukan ƙi sha don kada su nemi kewaye, su sauka a galabaice a ƙasar da ta fi tamu zafi. Kewayen jirgi ba abin tsoro ba ne, ma'aikatan za su nuna mata, kuma tashin ma yana hana ƙafa kumbura. A rubuta mata lambar waya biyu ta gida da manyan baƙaƙe a takarda, ta sa a jakar wuya, don in tata ta ƙi ta ari ta wani.

Waɗanda suka rage a gida kuma, ga wata dabara da muka yi tun daga shekarar Goggo. In wani ya tafi, mukan sami tsohon agogon bango mu tura shi gaba da awa 2, mu rataye shi kusa da na gida, a manna masa takarda a rubuta Makka. Ko wadda ba ta yi makaranta ba tana ɗaga kai za ta san ko Hajiya tana masallaci ko tana barci. Yana hana a buga mata waya ƙarfe 9 da rabi na darenmu, a ce hira ake so, alhali ita sha ɗaya da rabi ta yi mata. Abin da bai hana ba shi ne ita ta bugo bayan ta idar da asuba, ta tashe ku ƙarfe 3 na dare tana tambayar ko an ba tumaki ruwa. Wannan kam sai haƙuri.

Kuma kowace shekara a tambayi jami'in alhazai na ƙaramar hukuma abu uku kafin a tashi: daga wane fili za a tashi, Jidda za a sauka ko Madina, kuma awa nawa jirgin bana zai yi a sama. Kada a dogara da abin da Hajiyar bara ta faɗa, gama mun ga hanyar sama ma takan toshe. In an sami amsa, 'yar makarantar gidan ta zauna ta haɗa lissafin, ta ƙara aƙalla rabin yini a kan lokacin sauka, ta ce wa iyayenta, kafin ƙarfe kaza kada kowa ya damu.

'Yan mata, ga naku aikin na wannan mako. Wata Hajiya 'yar Roni za ta komo ta Kano. Jirginsu ya tashi daga Jidda ƙarfe 9 na safe agogon Makka, ya yi awa 5 a sama. Ta yi awa 2 a filin jirgi kafin ta karɓi kayanta ta fito. Mota ta yi awa ɗaya da rabi zuwa Kazaure, ta ƙara rabin awa zuwa Roni. Ƙarfe nawa agogon gida ya kamata a ce an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, tuwo ya sauka? Ku rubuto amsa ta hannun Edita, da sunan makarantarku da ajinku. Kada yayyenku maza su yi muku.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.